Ina Ungulayen Kwata Suka Tafi?



Yau da tambaya zan fara, kuma ina roƙon kowa ya ba kansa amsa tsakani da Allah. Yaushe rabonka da ganin ungulu? Ban ce a hoto ko a talabijin ba. Ido da ido nake nufi, tana tsaye a kan katangar kwata, ko tana jewa a sama da hantsi. Na yi wa mutane da dama wannan tambaya a 'yan kwanakin nan. Dattawa sukan yi shiru, su ɗaga kai sama kamar za su hango ta, sannan su ce, "Kai, wallahi an kwana biyu." Wani ɗan ƙanena da ke aji biyar na sakandare kuwa cewa ya yi, "Baba, ai ni a karin magana kawai na san ta."

Wannan amsa ta tsaya mini a rai, domin ni na tashi a garin da ungulu ta fi kaji yawa a ranar kasuwa. Akwai wani rimi a bakin kasuwarmu, daura da inda mahauta ke yanka. Tun da sanyin safiya za ka gan su jere a kan rassansa, sun takure wuya kamar tsofaffi a gindin bango lokacin hunturu. Da an kayar da sa, an sa wuƙa, sai ka ji fuka-fukai, fam, fam, sun sauko. Ba sa tsoron kowa. Tsakanin ƙafafun mahauta suke ratsawa da wannan tafiya tasu ta tsalle-tsalle, gefe-gefe, kamar mai ciwon ƙugu. Yaran mahauta su juye tumbi, su watsar da toroso, su yar da guntun hanji, kafin ka ƙifta ido an share wurin. Abin da na fi tunawa shi ne fuskarta. In tana zaune lafiya fatar fuskar fari-fari ce, amma da an fara rububi sai ka ga ta yi jajir kamar an shafa mata jan baki. Mu yara muna cewa kunya ce ta kama ta. Sai da na girma na gane jini ne ke hauhawa fuskar in hankalinta ya tashi.

Babu mai jifan ta. In yaro ya ɗauki dutse, babba zai daka masa tsawa, ba don yana son ta ba, sai don me za ka yi da ita in ka kashe? Ba a ci, ba a kiwo, ba a ado da gashinta. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Ungulun da muka sani a gari tana cikin ƙanana a dangin. Nauyinta bai cika wuce kilo 2 ba, amma in ta buɗe fuka-fukai sun kai tsawon mutum. Launinta ƙasa-ƙasa mai duhu, bakinta siriri ne dogo, a ƙeyarta akwai wani lallausan gashi kamar ta yafa hula. Sunan da masana suka raɗa mata a littattafansu ma'anarsa "mai jan gawa", wato su ma ba su raga mata ba. A daji akwai manyan yayyenta, irin su maiki, masu dogon wuya da ƙaton baki. In mushe ya faɗi a daji, kowa da aikinsa: mai ƙarfin baki ya farke fata, masu dogon wuya su cusa kai su cinye kayan ciki, ita kuma tamu ta jira a gefe, in an watse ta bi da siririn bakinta ta tsince abin da ya maƙale tsakanin ƙasusuwa. Sanƙon da muke yi mata dariya a kansa kayan aiki ne. Wanda sana'arsa cusa kai cikin mushe, gashi a ka wahala ce gare shi.

Da ido take neman abinci, ba da hanci ba. Kuma ba ta sammakon tashi sama. Sai rana ta ɗaga, ƙasa ta yi zafi, iska mai ɗumi ta fara hawa, sannan ta shimfiɗa fuka-fukai ta hau kan iskar nan tana kewaye ba tare da ta kaɗa fiffike ba. Wannan ita ce jewar. Tana kallon ƙasa, tana kuma kallon 'yan'uwanta. Da ɗaya ta karkata ta yi ƙasa, ta nesa ta gani ta biyo, ta bayanta ma ta biyo, nan da nan labari ya kai nisan da mai keke ba zai kai ba a wuni. Bahaushe ya lura da wannan tun tuni, shi ya sa ya ce ungulu ba ta jewar banza. Makiyayin da saniyarsa ta ɓata ya san in ya hango su suna kewaye wuri guda, to, ya nufi can da shirin haƙuri. Batun hawa sama kuwa, a watan Nuwamba na 1973 wani jirgin sama ya yi karo da ɗaya daga cikin manyan nan a sararin samaniyar Abijan, a tsayin mita 11,300. Har yau ba a tabbatar da wani tsuntsu da ya wuce nan ba.

To, ina ne gidanta? Ana samun ta daga Senegal har Sudan da Habasha, a gangara har Afirka ta Kudu. Sai dai akwai abin mamaki. A kudancin Afirka tsuntsuwar daji ce mai gudun mutane, sai a gandun namun daji ake ganin ta. A nan yammacin Afirka kuwa 'yar gari ce. Ta zaɓi zama da mu. Mazauninta shi ne kwata, da juji, da bakin kasuwa, da mashekarin Fulani, da bakin ruwa inda masunta ke gyaran kifi. Wani Bature masanin tsuntsaye, Peter Mundy, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masana ungulu a Afirka, a Sakkwato ya fara nazarin ta a farkon shekarun 1970, domin a lokacin ba sai ka shiga daji ba, a cikin gari za ka same ta tuli.

Abu biyu take bukata daga gare mu: ragowar yanka, da doguwar bishiya. A kan rimi, ko kuka, ko giginya, ko maɗaci take sheƙa, can ƙololuwa inda ganye ya rufe. Karin magana ya ba ta tsamiya, ungulu ta koma gidanta na tsamiya, kuma akwai gaskiya a ciki, don takan koma sheƙa ɗaya shekara da shekaru, ta ƙara kirare ta gyara. Da rani take ƙwai, kuma ƙwai ɗaya tak. Macen da namijin su yi ta karɓa-karɓa wajen kwanci har kusan kwana 50. In an ƙyanƙyashe, ɗan zai yi wata uku zuwa huɗu kafin ya iya tashi, bayan nan ma iyaye su ci gaba da ciyar da shi. Wato in shekara ta yi kyau, ɗa ɗaya. Ku kwatanta da zabuwa, wadda za ta zuba ƙwai cike da ƙwarya a damina ɗaya. Wanda ya kashe ungulu goma da safe ɗaya ya rushe aikin shekaru.

Yanzu mu zo ga aikin da take yi mana, wanda ba mu taɓa biyan ta ko sisi ba. Cikin ungulu akwai ruwan narkar da abinci mai tsananin ƙarfi, wanda ke halaka yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin ruɓaɓɓen nama. Abin da zai kwantar da mutum ko kare, ita ƙoshi ne a wurinta, kuma cutar ta ƙare a cikinta. Na taɓa ganin jakin wani mai itace da ya faɗi a bayan gari da safe. Kafin la'asar saura fata da ƙashi. Ba wari, ba tsutsa. A bara kuwa, a kan wata hanya da nake yawan bi, mota ta buge saniya aka ja ta gefen titi. Sati biyu ina wucewa ina toshe hanci. Ta kumbura, ta fashe, ƙudaje sun yi baƙi a kanta, karnuka suna ja da dare, ga rijiya ba nisa, ga mata masu tallar fura suna wucewa. Ban ga ungulu ko ɗaya ba. Wani bincike da aka yi a Kenya ya nuna daidai wannan: inda babu ungulu, mushe kan ɗauki kusan ninki uku na lokacin da ya saba kafin ya ƙare, kuma diloli da kuraye sun fi taruwa a kansa suna cuɗanya. Inda suka cuɗanya, nan cuta ke sauya gida. Waɗanda suka tuna ɓullar cutar saifa ta dabbobi a wata gona a Suleja a watan Yulin 2023 sun san irin fargabar da mushe ɗaya ke iya jawowa.

In kuna son ganin ƙarshen wannan hanya, ku dubi Indiya. Ƙasa ce mai ɗimbin shanu, kuma mafi yawan mutanenta ba sa cin naman sa, don haka saniya in ta mutu ungulaye ake bar wa. Suna da su miliyoyi. A shekarun 1990 sai aka ga suna faɗowa daga bishiya matattu, ba a san dalili ba. Sai a 2004 bincike ya gano cewa maganin ciwon jiki ne, diklofenak, wannan dai da muke saye a kemis in baya ya riƙe. Ana yi wa shanu allurarsa, in saniya ta mutu da shi a jikinta ungulu ta ci, ƙodarta ta lalace cikin 'yan kwanaki. Wani jinsi daga cikinsu ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100. Indiya da Pakistan da Nepal sun hana ba dabbobi maganin a 2006, amma aikin gama ya gama. Mushe ya taru, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓace. Wasu masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun wallafa bincike a 2024 inda suka ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar ƙarin mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Mutane, jama'a, ba shanu ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Su Indiyawa kuskure ne ya same su, ba su yi niyya ba. Namu daban ne, kuma nan ne maganar take da ɗaci.

Gaskiya ne mun sare mata gida. Rimin da ya shekara ɗari ana kayar da shi da injin yankan katako kafin azahar, maɗaci ya tafi wurin kafinta, sauran su tafi buhun gawayi. Gaskiya ne kuma kwatar yanzu ba ta da ragowa. Tsadar rayuwa ta sa babu abin da ake yarwa: fata ta zama ganda, jini da ƙashi suna da masu saye, hanji ko na ɗan akuya ne yana da kuɗinsa. Juji kuma leda ta cinye shi. Waɗannan duka sun rage mata abinci da wurin kwana. Amma da su kaɗai ne, da raguwa za ta yi a hankali, ba ɓacewa ba.

Na ce ku riƙe wata magana: me za ka yi da ita in ka kashe? Shekaru aru-aru wannan tambaya ce garkuwar ungulu. Ƙyamar da muke mata ita ta tsare ta. Ta yi zamanta a tsakiyar kasuwa cikin aminci saboda ba ta da farashi. Ranar da aka sami amsar tambayar, ranar ta shiga uku. Yau kan ungulu kaya ne. Ana busar da shi, da ƙafafu, da gashi, da ƙwai, a kai kasuwannin kayan tsibbu. Wani ya ce yana ba da sa'a a caca, wani ya ce yana buɗe kasuwa, wani na neman kujera, wani an ce masa maganin taɓin hankali ne ko farfaɗiya. Tunanin dai shi ne, tsuntsun da ke hango mushe daga nesa, ƙwaƙwalwarsa za ta sa mutum ya hango abin da ke ɓoye. Kaifin ido ne Allah ya ba ta, da kuma lura da 'yan'uwa, kamar yadda na bayyana ɗazu. Ba a shan wannan a ruwa. Da tana ganin gaibu, ai da ta gane naman da aka barbaɗa wa guba.

Domin da guba ake kama ta. A sami mushen akuya ko tarin kayan ciki, a zuba maganin ƙwari na gona, a koma gefe a jira. Halinta na kiran 'yan'uwa, wanda shi ne ƙarfinta, shi ke halaka ta, don ɗaya ba ta ci ita kaɗai. Kuma ina so mai sayen wannan kai ya yi tunani: gubar da ta kashe tsuntsun tana nan a maƙogwaronsa da namansa. Ita ake dakawa a ba ka ka sha da kunu. Har raɗe-raɗi ake yi cewa akan ƙyafe naman a sayar wa matafiya da sunan wani tsuntsu. In haka ne, ungulu da kan zabo ta tashi daga karin magana ta koma sana'a.

Da namu suka ƙare, sai fatake suka tsallaka iyaka: Nijar, Chadi, Kamaru, Burkina Faso. Masu bincike sun sha nuna Najeriya da Binin a matsayin manyan kasuwannin wannan kaya a yammacin Afirka, kuma wannan ba abin alfahari ba ne. A 2013 masana a ƙasar Girka sun ɗaura wa wani ɗan farar ungulu, irin mai ƙaura, na'urar bin sawu, suka sa masa suna Paschalis. Ya ƙetare teku, ya ƙetare Sahara, ya yi hunturu a kudancin Nijar. A farkon 2014 ya shigo arewa maso gabashin Najeriya, wani maharbi ya kashe shi don kai wa kasuwa. Teku bai ci shi ba, hamada ba ta ci shi ba. A Gini Bisau kuwa, a farkon 2020, an tsinci gawarwakin ungulaye irin tamu ta gari kusan 2,000 a yankunan Bafata da Gabu, da yawa an guntule musu kai.

Akwai kuma gubar da ba don ita aka sa ba. Makiyayi kura ta kashe masa maraƙi, ko karnuka sun dame shi, ya zuba guba a mushe don ramuwa. Kura ɗaya yake nema, ungulu hamsin ke mutuwa. Ina fahimtar zafin ransa, wanda bai taɓa asarar dabba ba ba zai gane ba, amma harbin ya wuce inda aka auna. A Botswana, a 2019, ɓarayin hauren giwa sun sa guba a mushen giwaye uku, ungulaye 537 suka mutu. Su da gangan suke yi, saboda jewar ungulu na tona musu asiri wurin masu gadin daji. Wani babban nazari da aka fitar a kan ungulayen Afirka ya nuna cewa cikin kowace mutuwa goma da aka rubuta, kusan tara guba ce ko fataucin sassan jiki. Tun 2015 hukumar duniya mai lura da halittun da ke cikin haɗari ta sa ungulun kwata a matakin ƙarshe kafin ƙarewa a doron ƙasa. Ungulu fa, wadda muke kora da ƙafa.

Ba ko'ina ta ƙare ba. A Gambiya, da kudancin Senegal, da wasu garuruwan Gana, har yanzu za ka gan ta a bakin kasuwa da bakin teku tana harkarta. Wannan ya nuna cewa zama da mutane bai gagare ta ba, in mutanen sun ƙyale ta. A nan gida, gidauniyar kare muhalli ta NCF ta ɗauki shekaru tana zama da masu maganin gargajiya, ana neman su koma ga itatuwa da saiwoyi maimakon kan tsuntsu, kuma a ganina nan ne ƙofar take. Mai maganin gargajiya na gaskiya ya san dajinsa, ya san sabara da marke da kalgo, kuma in shi ya ce wa mai neman sa'a kan ungulu ba ya komai, maganarsa ta fi ta ɗan boko shiga kunne. Haka sarkin fawa. In ya ce ba a taɓa ungulu a kwatarsa, ba za a taɓa ba. Malamanmu kuma ba sa bukatar in koya musu hukuncin neman sanin gaibu a wurin boka, sai dai in roƙe su su ambaci wannan misali a kan mumbari. Akwai ma ranar ungulu ta duniya, Asabar ta farko a watan Satumba, ko da yake ni ban ga abin da taro a otal zai yi wa tsuntsun da ke neman rimi ba.

Da sallar layya da ta wuce na je gida. Na bi ta bakin kasuwa. Rimin nan babu shi, an zuba shaguna a wurin, wani yaro yana cajin waya daidai inda gindinsa yake. Na tarar da wani tsohon mahauci, sa'an mahaifina, a kan benci yana kallon jikokinsa suna fiɗa. Na durƙusa muka gaisa, na ce, "Baba, ina mutanenka?" Bai tambaye ni su wa nake nufi ba. Ya ce, "Ɗana, shekara ta fi goma. Da mukan wanke wurin nan da guga biyu, don sun riga sun yi mana rabin aiki. Yanzu sai mu biya mai baro ya kwashe, ya je ya zuba a kwalbati." Yana cikin magana wani yaro ya watsar da toroso bayan katanga. Muka zuba ido ni da shi. Hankaki biyu suka sauko, sai wani ramammen kare.

In akwai mai sauraro da har yanzu ungulu ke kwana a garinsu, ina roƙon ya aiko mana da saƙo: sunan garin, irin bishiyar, da guda nawa ya ƙirga da yamma in sun dawo kwana. Zan karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.